Ƙaton gizo-gizo ɗauke da ƙwai a sitona: in kira mai feshi ko in ƙyale shi?

Maman Haidar: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ƙaton gizo-gizo ruwan ƙasa a siton kicin ɗina, a baje yake jikin bango, ya kusa tafin hannu. Ba ya saƙa, sai dare yake fitowa. Jiya na ga ya rungumo wani farin abu mai faɗi a ƙarƙashin cikinsa. Yarona rarrafe yake, kuma shinkafa da wake duk a siton suke. Mai feshi ya ce 15,000. In kira shi?

Ɗan Sabon Gari: 15,000? Ni 6,000 aka yi min gida guda. Ki sayi fiya-fiya kawai, Hajiya.

Uwar Biyu: Don girman Allah kada ki kusanci fiya-fiya. Bara wani mai feshi ya zo mana, ya ce bayan awa biyu mu koma ɗaki. Cikin dare 'yata ta fara amai, yawu na zuba, numfashi sama-sama. A asibiti muka kwana. Kuɗin da na kashe ya ninka na feshin, mutumin kuma ya kashe waya. Har yau in na ji warin nan gabana faɗuwa yake.

Anti Bilki: Subhanallahi! Allah Ya tsare gaba. Mu 25,000 muka biya, amma sai da ya sa muka kwana a gidan surukata.

Mai Alli: Hajiya, siffar da kika bayar ta mai farautar kyankyasai ce, kuma mace ce. Farin abin jakar ƙwai ce, tana yawo da ita har su ƙyanƙyashe. Gudun mutum take, in ma ta yi cizo zafi ne da ɗan kumburi. Ki kifa mata roba, ki zura kwali ta ƙasa, ki kai ta waje da jakarta. Wadda za ki lura da ita ƙarama ce, mai zagayayyen ciki da tabon ruwan lemo a ƙasansa. Tana yin hargitsattsiyar yana a ƙarƙashin kujerun roba da cikin tsofaffin tayoyi, jakar ƙwanta kuma tsiga-tsiga ce kamar ƙarangiya. Ita ce mai dafin gaske.

Anti Bilki: Malam, mu dai tautau muka sani. Ya bi ta wuyan ƙanina, fata ta kwaile kamar ƙuna.

Mai Alli: Galibi wannan aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila. In aka murje shi a fata sai ta tashi. Laifin ake ɗora wa gizo.

Anti Bilki: To kakata da ta shekara casa'in ba ta san tautau ba, sai kai?

Baban Lambu: Ni a fangalin alayyahu na ga wata da 'ya'ya jingim a bayanta. Na taɓa ta da kara, suka watse ko'ina.

Ɗan Sabon Gari: Wannan Ƙoƙi ce ta goyo yara, Gizo ya hana kuɗin cefane 😂

Abu Safwan: Ba gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakin kogon Saur lokacin Hijira ba? Ni ba na kashewa.

Ustaz Ƙarami: Akhi, malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancin wannan ruwayar, a daina gina hukunci a kanta.

Uwar Biyu: Ku bar wannan. In kyankyaso take ci, daga ina kyankyasan? Mu masai ce ta fashe, mai gidan haya yana ta cewa sai bayan damina.

Maman Haidar: Wallahi namu ma murfin sokawe ne ya tsage. Amma Malam, in ta ƙyanƙyashe kafin in kama ta fa?

Anti Bilki: Uwar Biyu, ki cire kuɗin gyaran daga haya. Nawa kuke biya a shekara?