Dutsen washi zan saya ko in kai wa mai giranda?

Ɗan Gusau: Salam, 'yan uwa. Na karɓi aikin ƙofofin maɗaci, ga saitin kurfin da na gada wurin mahaifina ya dakushe, ɗaya har bakinsa ya ɓalle. Shagona babu wuta, kuma N15,000 ke hannuna. In sayi dutsen washi mai fuska biyu, ko in kai wa mai giranda, wato injin washi?

Na Mafara: Sayi injin kanka ka huta.

Ɗan Gusau: Yallaɓai, na ce ba ni da wuta.

Baba Kafinta: Ɗana, kada ka kai. Ni na kai kurfin da maigidana ya ba ni ranar da ya yaye ni. Yaron ya danna shi a kan giranda ko tsomawa a ruwa bai yi ba, ina kallo bakin ya koma shuɗi. Ƙarfe in ya yi wannan launin ya ƙone, taurinsa ya tafi. Tun daga nan ko farin katako na sara sai bakin ya lanƙwashe. Na yi magana, ya ce dama tsohon ƙarfe ne. Har yau abin na ci mini rai.

Mai Gizago: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma wanda ya ɓalle sai giranda, dutse zai cinye masa yini. Ya tsaya a kan masu girandar, a taɓa a tsoma a ruwa. Sauran kuwa a fara daidaita bayan kurfin a kan dutse, sannan a wasa bakin a kusan digiri 25, fuska mai kaushi kafin mai laushi, da ɗan kananzir. Ƙarshe a goga a fata kamar yadda wanzamai ke yi wa aska.

Na Mafara: Dutse N4,000 ne.

Ɗan Ƙaura: A ina? N9,000 na saya, na N4,000 ɗin nan tsakiyarsa ke ramewa. Samfefa mai lamba 400 (mai kaushi) da 1000 (mai laushi) a shimfiɗe a kan gilashi ta fi shi.

Baba Kafinta: Kai da ka koyi aiki a YouTube za ka koya mana washi?

Ɗan Ƙaura: Baba, ai gwadawa na yi, kurfin kuma har ya aske gashin hannuna.

Na Mafara: To ka buɗe shagon aski mana!

Mai Gizago: Duk wannan mai sauƙi ne. Masu aro su ne matsalar. Maƙwabcina ya ari kurfina ya fasa siminti da shi, ya maido ko sannu babu.

Baba Kafinta: Yaran shago fa? Da shi suke cire ƙusa.

Ɗan Gusau: To jama'a, dutsen dai zan saya?

Mai Gizago: Ni dai na daina ba da aro, ko ƙanena ne.