Kek mai fuskar Spider-Man: fondan ko kirim ɗin bota a wannan damina?

Maman Sadiq, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar mai zuwa Sadiq zai cika shekara 6, kuma tun watan jiya ya hana ni sakat da zancen kek mai fuskar Spider-Man. Gashi ba ya ba ni wahala, a tukunya da yashi nake yi a kan gas, gwangwani mai inci 8, yana tashi lafiya lau. Adon ne damuwata. Bara na gwada fondan, kwaɓin sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, a na ƙanwarsa, na sa a firji, ina fito da shi ya kama gumi, kalar ta tsiyayo har kan faranti. Ga shi muna Yuni, ruwa ba dare ba rana, wutar layinmu kuma sai ta ga dama. Sannan jan da nake haɗawa kullum ruwan hoda yake fitowa. A taimaka.

Hajiya Binta, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Fondan ɗin nan ba hannunki ba ne ya ɓata shi, iskar Legas ce. Sukari yana jan danshi, kin kuma fito da abu mai sanyi cikin ɗumi, dole raɓa ta kwanta masa kamar kwalbar lemo. A Kano da hunturu fondan sai dai ya bushe ya tsage, nan kuwa narkewa yake. Ki bar shi kawai.

Ki yi kirim: bota giram 250, garin sukarin ado giram 500, ki tankaɗe shi tukuna. Ni nakan raba, rabi bota rabi majarin ta gashi, don zallar bota ba ta jure zafin falo mai cike da yara. Maganar ja kuma, kalar ruwa ta ƙaramar kwalba ba za ta kai ki ko'ina ba, sai dai ta tsinka miki kirim. Ki nemi mai kauri wadda ake lakata da tsinke, masu kayan kek a kasuwar Oke-Arin suna da ita. Ki haɗa tun daren Alhamis ki rufe, ja yana ƙara nuna idan ya kwana. In kika ce sai kin ga jan da kike so nan take, za ki yi ta zubawa har ya yi ɗaci, yaran su lashe su tofar. Baƙin zaren gizo-gizon kuwa, ki fara da garin koko har kirim ɗin ya yi duhu, sannan ɗigon baƙar kala kaɗan ya isa.

Maman Sadiq, Agege:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ashe gaggawa ce ke cuta ta. To zanen fa? Ni ko da'ira ban iya zanawa daidai ba.

Ummi, Obalende:
Anti, ai Sadiq ya tausaya miki da ya zaɓi wannan, fuskar babu hanci babu baki. Tawa 'yar kek mai gimbiyar ƙanƙara ta katun ta ce tana so, na kwana ina fama da kitso ɗaya, da safe ta ce wai wannan ba ita ba ce. Ki buga hoton fuskar a shagon kwamfuta daidai faɗin gwangwaninki, ki ɗora a kan kek ɗin ki aske gefe ya zama kamar ƙwai, ƙasan ya fi tsini. Ki shafa kirim siriri ya kama ɓarɓashi, in ya ɗan daskare ki shafa jan. Idanun ki yanke su daga takardar ki ɗora, ki bi gefensu da tsinken sakace, ki cike da fari ki zagaye da baƙi mai kauri. Zaren daga tsakanin idanu yake tashi: layuka miƙaƙƙu zuwa gefe, sannan ƙananan bakuna tsakaninsu. Ledar da kika huda kusurwarta ta wadatar wajen matso kirim ɗin. Ki fara gwadawa a bayan faranti, hannun farko rawa yake yi.

Baban Hanifa, Mile 12:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Duk mai sha'awar fondan na kanti ko alewar mashmalo ya duba jikin ledar, wasu da jelatin ake yi, kuma akwai jelatin na alade. A nemi mai alamar halal.

Hajiya Binta, Idi-Araba:
Gaskiyarka Malam. Maman Sadiq, ki yi gashin ranar Juma'a ya huce sarai, kek mai ɗumi ba ya riƙe kirim. Adon ki yi shi bayan asuba ranar Asabar, kafin gari ya ɗau zafi, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi.

Maman Sadiq, Agege:
Na gode ƙwarai. Gobe zan leƙa Oke-Arin in ruwa ya bari. Yanzu kuma ogan ya ce wai a rubuta sunansa a goshin. Na ce masa a kan faranti za a rubuta.