Neman kalma: me za mu kira "link rot"?

Mai Shiri: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe za mu naɗi shiri kan adana shafukan intanet, "link rot" ta gagare ni. A taimaka.

Injiniya: Mutuwar mahaɗi. Ka danna mahaɗin da zai kai ka wani shafi, sai saƙon 404 mai nuna ba a samu shafin ba, ko shafi ya ƙi buɗuwa sam. Ko an goge shi, ko an sauya adireshi ba a juya tsohon zuwa sabon ba, ko ba a sabunta kuɗin sunan shafin ba. Binciken cibiyar bincike ta Pew na 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma.

Malamar Laburare: Mutuwa farat ɗaya ce, wannan kuwa a hankali yake ci. Ruɓewa ta fi. Akwai kuma wanda ke buɗuwa lafiya, amma wani ya sayi sunan ya zuba tallan caca.

Baba Manazarci: Ruɓewa Turanci ne da babbar riga. Muna da kufai! Da Yahoo ta rufe GeoCities, dandalin da mutane ke gina shafukansu, a 2009, gari guda aka tashe. In ba kufai ba, mene ne?

Injiniya: Ranka ya daɗe, kufai ana ganin bango. Nan ko tubali babu. Waƙoƙin 2003 zuwa 2015 da dandalin sada zumunta na Myspace ya rasa wajen sauya sabar, wato kwamfutar da ke ajiye su, ina kufansu?

Baba Manazarci: Mai cewa "sabar" ne zai koya mini Hausa? Ku da kuka yar da yanar gizo kuka rungumi intanet.

Ɗan Damagaram: Baba, nan ma "liyan" na Faransanci mutane ke ce wa mahaɗi, kuma Hausarmu ba ta ragu ba. Ba Kano kaɗai ke yanke hukunci ba.

Malamar Laburare: Ku bar gardama. Mai Shiri, abin da ya fi amfanar masu saurare: a shiga Wayback Machine, ma'ajiyar shafuka ta Internet Archive, a liƙa adireshin a Save Page Now, a adana sabon mahaɗin mai kwanan wata. A buɗe kwafin a duba, don bidiyo da shafin da sai an sa kalmar sirri ba kasafai suke kamuwa ba. Wasannin da aka yi da tsohuwar fasahar Flash ma tun ƙarshen 2020 ba sa buɗuwa sai da manhaja ta musamman.

Mai Shiri: Na gode. Zan ce "mutuwar mahaɗi", in bayyana sau ɗaya. Mai tallan caca kuwa bai samu suna ba tukuna.

Baba Manazarci: To. Amma a ambaci kufai ko sau ɗaya ne.