Tambaya ga iyayenmu tsofaffin ma'aikata: ya kuka yi da roƙon dangi lokacin da kuke ofis?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni, musamman ga iyayenmu da suka yi aikin gwamnati har suka yi ritaya, na san akwai su a nan ko da ba su cika magana ba. Ni ban daɗe da samun aiki ba a wata ma'aikata nan cikin Sakkwato, lebul 08 aka ɗauke ni, tebur ma da wani muke rabawa, amma wallahi tun da labari ya isa ƙauyenmu wayata ba ta huta ba. Wannan ya turo takardun ɗansa a nema mishi aiki, waccan fayil ɗin fanshon mijinta ya maƙale, wani fili yake so, wani ma kujerar Makka yake nema, ni da ko darakta bai riƙe sunana ba tukuna. Wanda ya fi damuna kawuna ne ƙanin mahaifiyata, shi ya biya min kuɗin jarrabawa lokacin da babu, yanzu yana da wata takarda a ofishinmu yana so in zaro ta daga ƙasa in ɗora ta sama alhali akwai na mutane a gabanta. Na ce mishi ba hurumina ba ne, ya je ya faɗa wa tsohuwa wai boko ya ɓata ni na fara ɗaga kai. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Kullum ana ce mana ma'aikatan da masu gaskiya ne ba su san alfarma ba. To su ba su da dangi ne? Ko dangin da ne ba su roƙo? Ya kuka yi kuka cika shekara 35 ba ku yanke zumunci ba kuma ba ku ci amanar aiki ba?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah shi yi maka albarka, shi sa ka gama lafiya. Jikata ce ke buga min ina faɗi don idona bai son hasken waya, in ta yi tsawo a yi haƙuri da tsoho.

Duk wanda ya ce maka dangin da ba su roƙo bai zauna ofis ba. Sun roƙa, sun ma fi na yanzu iyawa, don su ba waya suke bugowa ba, takanas mutum zai taso daga ƙauye da damin gero da kaji biyu shi sauka zaurenka kuma ba shi tashi sai ya ji yadda anka yi. Na kama aiki ana Jihar Arewa Maso Yamma, Usman Faruk na gwamna, lokacin Minna da Bida da Gusau da Birnin Kebbi duk daga nan Sakkwato ake juya su. Kuma bar jin ana cewa mun fi ku tsoron Allah, akwai nagari akwai ɓarayi kamar yau. Abin da munka fi ku shi ne muna da abin jingina.

Bari in kwatanta maka. Takarda in ta shigo rajista sai a buga mata hatimi da kwanan wata, a shigar da ita babban littafi, a huda ta a sa cikin fayil a ɗaure da igiya, kowane shafi da lambarshi. Akwai kati da ke nuna teburin da fayil ya tafi da ranar da ya tafi, masinja bai miƙa maka sai ka sa hannu. Duk wanda ya duba sai ya yi minti, ya rubuta ra'ayinshi da sunanshi da kwanan wata, na sama da shi ya ɗora nashi a ƙasa. To in kawu ya ce zaro tawa ka sa sama, sai ka ce kawu in na yi gobe za a ga an tsallake lamba kuma hannuna ne a wurin, kweri za a ba ni, ƙarin girmana ya tafi. Kuma ba ƙarya ka yi ba, shi ma ya san wani da anka yi wa haka. Sai ya tafi yana zagin dokar Nasara, kai kuwa ka fita, da Sallah ku gaisa lafiya lau. Ƙa'ida ce ke ɗaukar maka baƙin jinin. Kai yanzu kawunka ya ga an yi wa maƙwabcinshi da bugun waya ɗaya, don haka in ka ce ba hurumi, abin da kunnenshi ya ji shi ne ba ka so. Ban ga laifinshi sosai ba.

Na biyu mun san gobenmu. Albashi ba yawa amma yana kai wata, akwai bashin mota, akwai gidan gwamnati in ka kai, kuma in ka gama garatuti da fansho ba roƙonsu ake ba. Mutumin da ya san wannan bai sayar da shi don buhun gero.

In ka tambaye ni inda abin ya fara tsagewa, 1975 zan ce maka. Farkon shekarar aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawarar a yi wa ma'aikata, har da ariyas, ma'aikata sunka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba a dunƙule, kasuwa ta tashi ba ta sake sauka ba. Kafin shekara ta ƙare Murtala ya hau, ya sallami ma'aikata sama da 10,000 a faɗin ƙasa, mutum na zaune gida sai ya ji sunanshi a rediyo an kore shi nan take, ba kweri ba kwamiti, wasu ba ko sisi. Na san akwai waɗanda sunka cancanta, kuma talakawa sun yi murna, har yau ana yabon marigayin, ni ma ina ganin girmanshi. Amma darasin da waɗanda sunka rage a ofis sunka ɗauka daban ne, sun ga babban ma'aikaci mai furfura an fitar da kayanshi daga gidan gwamnati bai da ko ɗaki nashi, sai kowa ya ce ashe gara in tanadi nawa tun ina kan kujera. Sai SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gyaran tattalin arziki, ta zo 1986 Naira ta faɗi albashi ya zama abin dariya. 1988 kuma aka yi dokar da ta maida babban sakatare darakta janar, muƙamin siyasa, ya zo da gwamnati ya tafi da ita, to wanda zai tafi da kai ya za a yi ya rubuta maka minti ya ce ranka shi daɗe wannan bai halatta ba? Zamanin Abacha an dawo da sunan babban sakatare, amma ɗabi'ar ba ta dawo ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗi ba, raba jihohi. 1976 aka cire Neja, 1991 Kebbi, 1996 Zamfara, kowane karo sai a ce ma'aikata kowa ya koma jiharshi. An samu ci gaba ban musa ba. Amma ni ogana na farko Banufe ne, kawuna bai san ta inda zai kama shi ba, bai san gidansu ba bai san surukanshi ba. Yau oganka ɗan garinku ne, ko abokin wasanka, ko kun haɗa kaka, duk wanda ka hana zai zagaya ta bayan gida ya same shi.

Malama Mai Alli:

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta duka kuma maganar 1975 haka mahaifina ma yake faɗi, amma ku yi min izini akwai inda ban yarda ba. Ni ma ritaya na yi, hedimistires ce ni a firamare. Wannan zamanin da kuke yabo ai alfarma na nan, illa dai ta 'yan manyan gida ce. A En'e, hukumar gargajiya ta sarakai, wa ake ba malanta da magatakarda in ba ɗiyan sarakai da na fadawa ba? Talaka bai roƙo ne saboda ba shi da kowa a ciki, shi tsakaninsa da hukuma haraji ne da jangali da ɗan doka, in ya hango Di'o ya zo rangadi ma ɓuya yake. Sai da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka kuma buɗe UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, a shekarar, ɗan manomi ya shiga aji ya fito ya zama akawu, sannan kowane gida ya samu nasa mutum a ofis. Roƙon ya yi yawa ne don masu ƙofar roƙon sun yi yawa, kuma ni ban ga wannan a matsayin lalacewa zalla ba.

Sannan maganar gobe, yaran nan suna ganinmu fa. Suna ganin tsofaffi 'yan fansho a layin tantancewa da sandunansu cikin ranar Sakkwato, wani daga ƙaramar hukuma mai nisa ya taso ya kwana a masallaci, don kawai a tabbatar yana da rai. Yaron da ya wuce ta wannan layin da safe ya shiga ofis, wa'azin me za ka yi masa?

Kai kuma ɗana shawarata, ka bar kawu tukuna ka fara da mahaifiyarka. Ita ce a tsakiya, ita ake yi wa gori a gidan biki da gidan suna, kai kana ofis ba ka ji. Ka zauna ka nuna mata yadda abin yake da abin da zai same ka in an kama, uwa ba ta son a kori ɗanta. In ta fahimta ita ta san yadda za ta yi da ƙaninta.

Bagobirin Gawon Nama:

Ku dai tsohhi kuna ta tarihi yaro na cikin wuta. Abokina yi ma kawunka aikinai kawai, mutumin da yab biya maka kuɗɗin jarrabawa, waɗanda takardunsu ag gaba mi sunka taɓa yi maka? Kowa haka shika yi, in ba ka yi ba wani na yi gobe kuma da kuɗɗi za a yi. Tun da anka cire tallahin mai 2023 wane albashi ka kai mutum ƙarshen wata, 70,000 ɗin da anka ce mahi ƙaranci kwana nawa shika yi ga mai iyali? Ranad da anka kore ka ko kag gaza, dangin nan su za ka komawa, ba fayil ba.

Tsohon Akawu:

Malama kin yi gaskiya kan En'e, ban ja ba, mun ga wannan da idonmu. Layin tantancewa kuwa ai tare muke binshi da ke.

Bagobiri, da ma ku ba ku da haƙuri tun fil azal, wasa nake. Amma duba, takardun da ke gaban ta kawu su ma na kawun wani ne, wata ma ta gwauruwa ce da ba ta da kowa a ofis. Kuma masu cewa ai al'adarmu ce a yi wa na gida, a garin Shehu muke, shi Mujaddadi a Kitabul Farƙ gaisuwar da ake kai wa masu mulki don neman biyan buƙata yana cikin abubuwan da ya lissafa ya soka ga sarakunan lokacinshi. Zumunci daga aljihunka ake yinshi, abin da ke kan tebur kuwa ba naka ba ne. Maganarka ta albashi ita ce mai nauyi, ba ni da amsarta, wannan sai masu mulki.

Ɗana ga abin da muke yi, kuma ba wanda zai kama ka a kai. Ba ka ce wa babba ba hurumina ba ne ka yi shiru, a wurinmu wannan kamar ka rufe mishi ƙofa ne yana tsaye. Ka je ka gano inda takardar take da abin da ya tsayar da ita, sau da yawa ba layi ba ne, hoto ne babu ko takardar shaidar ƙaramar hukuma ko wani sa hannu, kuma ba wanda ya damu ya gaya wa mai ita. Ka taya shi ya cika, ka rubuta mishi wasiƙar tuni da kyau, ka kai shi da ƙafarka wurin jami'in da abin ke hannunshi ka ce wannan kawuna ne ya zo bin takardarshi, a gaban kowa, ba a ɓoye ba. Duk sati ka leƙa ka kira shi ka gaya mishi inda ta kai. Ranar da anka yi albashi ka sayi goro da ɗan yadi ka je gidanshi ka durƙusa ka gaishe shi, kuɗin motarshi na zuwa Sakkwato kuma ya zama a kanka. Lamba dai kar ka tsallake, kuma kar ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba ko da oga na tsaye kanka yana cewa yi sauri, ka ce ya rubuto. Masu neman aiki da kujerar Makka kuwa ka gaya musu gaskiya tun ranar farko cewa lebul 08 bai ba da su, kar ka amshi takardar kowa ka ce za ka duba, wannan za ka duba ɗin ita ke haifar da gaba.

Ɗan Mabera:

Na gode Baba, na gode Malama, yau da dare zan je wurin tsohuwa in sha Allah. Bagobiri kai ma na ji taka. Sai dai Baba wannan katin da kuke faɗi ni ban taɓa ganinsa a ofishinmu ba, fayil-fayil suna jibge ne a wani ɗaki har ƙasa, wasu an ce an shigar kwamfuta wasu ba a shigar ba. Ta ina zan fara neman ta kawu?

Tsohon Akawu:

Nemi masinjan da ya fi kowa daɗewa a wurin, ka gaishe shi da girmamawa ka ba shi sunan kawu da watan da ya kawo takardar. In bai sani ba ka tambayi mai riƙe da makullin ɗakin.