Neman kalmar Hausa: me za mu kira kofin ƙungiyoyin ƙasashen da ke kusa da juna?

Assalamu alaikum ma'abota tamaula da masu kishin harshe. A gidajen kallo na Katsina ana ta jayayya kan tsohon kofin ƙungiyoyi na WAFU, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta Yamma, wasu na cewa a farfaɗo da shi, wasu na cewa zamaninsa ya wuce. Abin da ya dame ni shi ne duk wanda ya buɗe baki sai ya ce cross-border cup, 'yan'uwanmu na Maraɗi kuma su ce coupe transfrontalière. Dattijon da ya saurari wasannin kofin nan a rediyo tun yana saurayi sai ya yi shiru a majalisa, don ba a yi maganar da harshen da zai sa baki ba. Shi ya sa nake neman kalmar Hausa.

Ga abin da nake son kalmar ta ɗauka. Ƙungiyoyi ne ke bugawa, ba tawagar ƙasa irin Super Eagles ko Mena ta Nijar ba. Sun fito daga ƙasashe biyu ko 'yan kaɗan da ke jingine da juna. Kowace tana ci gaba da buga gasar ƙasarta, wannan kofin ƙari ne. Ba gasar Zakarun Afirka nake nufi ba, ita ta nahiya ce gaba ɗaya kuma ta riga ta sami suna a bakin mutane.

Ga waɗanda ba su riski abin ba: an fara kofin WAFU a 1977, ana kuma kiransa Kofin Janar Eyadema. New Nigerian Bank ta birnin Benin ta ɗauke shi a 1983 da 1984, Ranchers Bees ta Kaduna ta kawo shi Arewa a 1989, Bendel Insurance ta ci sau uku a jere daga 1993 zuwa 1995, AS FAN ta Yamai ta kai shi Nijar a 1996, Shooting Stars ta ci a 1998. Bayan 1999 ya yi dogon suma. An tayar da shi a 2009, Sharks ta Fatakwal ta ci a 2010, bayan 2011 kuma shiru. To bismillah, a kawo shawara.

Daga Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam Malam. Ai abin a fili yake, kofin ƙetare. Ƙungiya ta ƙetare iyaka ta je ta buga, shi ke nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙanena, amma ƙetare ta riga ta yi nisa a kunnen Bahaushe. Idan aka ce wane yana karatu a ƙasashen ƙetare, Ingila ko Masar ko Malesiya za su zo maka a rai. Ban taɓa jin Bakatsine ya je biki Maraɗi ya dawo yana cewa daga ƙetare yake ba. In mai sharhi ya ce Katsina United za ta buga kofin ƙetare, mai sauraro zai ɗauka jirgin sama za ta hau.

Daga Jibiya:
Yaya, don Allah kada a ce kofin tsallake iyaka, na ga wasu sun fara rubuta haka. Mu nan idan ka ce mutum ya tsallake iyaka, abin da ake ji shi ne ya bi ta barauniyar hanya, ya kauce wa kwastan da duwan. Kalma ce mai warin fasa-ƙwauri. Sannan ko a maganar yau da kullum, wanda ya wuce iyaka ai marar kunya ne. Ba za mu liƙa wa wasan 'ya'yanmu wannan suna ba.

Mai tambaya:
Maganarka dutse. Ita ce fassarar da ta fi kusa da Turancin, kuma ita ce ta fi rashin dacewa da mu. Bature ya kalli layin da ke kan taswira ya sa wa gasar suna da shi. Mu kuwa layin nan ya same mu a zaune. Sarkin Maraɗi har yau sarautar Katsina yake riƙe da ita a sunansa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne da suka koma can bayan jihadi, kuma akwai ƙungiyar ƙwallo a Maraɗi mai sunan Ɗankasawa, ɗaya daga cikin waɗannan sarakuna. Sunan da za mu zaɓa ya kamata ya faɗi abin da ke tsakanin mutanen.

Daga Daura:
Ranka ya daɗe, tunda haka ne a ce kofin zumunci. Tsakanin Daura da Damagaram ai zumunci ne, ga auratayya ga kasuwa, kullum motoci na bi ta Kwangwalam. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, su kuma 'yan ƙwallo da ƙafa suke sana'a.

Mai tambaya:
Malam, wannan ta yi mini daɗi a baki ƙwarai, na daɗe ina juya ta. Matsalarta ɗaya ce, amma babba. A harshen tamaula zumunci ya riga ya sami gurbi: wasan sada zumunci shi ne wasan da ba maki, ba kofi, mai horarwa ya canza rabin 'yan wasa bayan hutun rabin lokaci. Ranar da muka ce kofin zumunci mun gaya wa mai kallo cewa abin ba na gaske ba ne, kuma wannan ita ce hujjar masu son a binne gasar. Wanda ya ga karawar ƙungiyoyin Najeriya da na Kwaddibuwa ko Gana a wancan zamani ya san ba wasan raha ake yi ba.

Haka nan ƙasa da ƙasa ba za ta yi ba, ta tawagogin ƙasashe ce. Kofin shiyya ko na yanki kuma zai rikice da gasar da ake yi tsakanin ƙananan hukumomi ko jihohin Arewa maso Yamma.

Daga Ƙofar Ƙaura:
Ni fa Malam ina ganin ana ɓata lokaci wajen raɗa wa gawa suna. Kofin nan kuɗi ne suka kashe shi. Ƙungiyar da 'yan wasanta ke bin ta bashin albashi, wa zai biya mata kuɗin jirgi zuwa Dakar? Manyan ƙungiyoyi idonsu na kan gasar CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, can kuɗin yake. Ko CAF ɗin da kanta, shugabanta Motsepe ya sanar da sabuwar babbar gasar ƙungiyoyin Afirka a Arusha ta Tanzaniya a 2022, aka ce ƙungiyoyi 24, da aka zo bugawa a 2023 sai takwas. Enyimba ta shiga, Wydad ta fitar da ita, Mamelodi Sundowns ta ɗauki kofin da dala miliyan 4, a 2024 ba a buga ba. In mai dala bai iya riƙe tasa ba, ina ga WAFU?

Mai tambaya:
Yaya, ban raina wannan magana ba, kuma ba a Afirka kaɗai abin ya faru ba. Denmak da Norwe da Suwidin sun yi tasu mai suna Royal League daga 2004 zuwa 2007 ta mutu. Kofin Setanta tsakanin ƙungiyoyin Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan ya rayu daga 2005 zuwa 2014 shi ma ya tsaya. Amma dubi gabashin Afirka: gasar ƙungiyoyin CECAFA, hukumar ƙwallon yankin, tun 1974 ake yin ta, ita ce ake kira Kofin Kagame tun da shugaban Ruwanda ya fara ɗaukar nauyinta, kuma ƙungiyoyin Tanzaniya da Kenya da Yuganda da Sudan suna zuwa. Amurka da Meziko ma sun kafa Leagues Cup a 2019. Kenan irin wannan kofi yana mutuwa a wani wuri yana rayuwa a wani, kuma muna buƙatar sunan da za mu kira dukkansu da shi ko da na WAFU bai tashi ba.

Daga Dutsin-ma:
Baba, ku maza kuna maganar kofin kamar babu shi, alhali na mata yana nan da ransa. Tun 2021 ƙungiyoyin mata na shiyyar WAFU B ke haɗuwa su fitar da wadda za ta je gasar Zakarun Afirka ta mata. Bayelsa Queens ta ci a 2022, Edo Queens ta ci a 2024. A gari ɗaya ake taruwa a gama cikin 'yan kwanaki, babu yawon gida da waje. Ni shawarata a ce kofin maƙwabta. Najeriya, Nijar, Benin, Togo, Gana, Burkina Faso, Kwaddibuwa, ai jerin maƙwabta ne.

Mai tambaya:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ina ganin kin kawo ta. Bari in gwada ta a baki kamar yadda mai gabatar da labarin wasanni zai faɗa. Katsina United ta sami gurbi a kofin maƙwabta. An fitar da jadawalin kofin maƙwabta na Afirka ta Yamma. Simba ta lashe kofin maƙwabta na gabashin Afirka. Babu inda harshe ya yi tuntuɓe, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga filin Karkanda ba za ta gane abin da ake nufi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar tana ɗauke da ɓangarori biyu na abin. Maƙwabci yana da haƙƙi a kanka, addini ma ya nanata haka, amma kuma da maƙwabci ake gasa, shi ne ba ka son ya fi ka. Zumunci ta ɗauki ɓangare ɗaya ta bar ɗayan. Maƙwabta ta haɗa su.

Daga Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Katsina. Mu nan maƙota muke cewa, amma duk ɗaya ne, mun karɓa. Sai dai tambaya: in Katsina United ta kara da Kano Pillars, su ma ai maƙota ne. Ba za a ruɗe ba?

Mai tambaya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, marhabin. Tambayar ta dace. Karawa irin ta Pillars da Katsina United tana da sunanta da gidajen rediyo suka saba da shi, wasan hamayya, kuma wasa ɗaya ne cikin gasar Firimiyar Najeriya, ba kofi ba ne mai zaman kansa. A rubutun jarida, karo na farko sai a rubuta cikakke, kofin ƙungiyoyin ƙasashe maƙwabta, daga nan a taƙaita. Maƙota da maƙwabta kuwa kowa ya faɗa da karin garinsu.

Akwai wani bambanci da nake so mu riƙe tun yanzu kafin a cakuɗa. Wani lokaci ƙasashe biyu kan rushe gasanninsu su narke su zama ɗaya, kamar yadda Beljiyam da Holan suka yi a ƙwallon mata daga 2012 zuwa 2015. Wannan ba kofin maƙwabta ba ne. Ita sai mu ce gasar haɗaka.

Daga Ƙofar Ƙaura:
Na yarda da sunan Malam, ban yarda gasar za ta tashi ba. An rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ga matsalar tsaro a hanyar Jibiya. Wane mai tallafi ne zai zuba kuɗinsa a jadawalin da sanarwa ɗaya za ta iya rushewa?

Mai tambaya:
Duk abin da ka lissafa gaskiya ne Yaya, kuma tsaron hanya shi ne sharaɗi na farko, babu kofin da ya kai ran ɗan wasa ko na mai kallo. Inda muka rabu shi ne girman abin da muke hange. Kai kana auna tsohon kofin da ke kai ƙungiya Dakar da Firitawun. Ni sunan da muka zaɓa ya sa na koma kan ainihin maƙwabta. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, alhali Katsina United na yin tafiyar fiye da kilomita 1000 zuwa Fatakwal a gasar cikin gida. Ga titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Ficewa daga ECOWAS kuma ba ficewa daga CAF ko WAFU ba ce.

Don haka abin da nake goyon baya ƙarami ne: ƙungiyoyi kamar Katsina United da Pillars daga nan, Jangorzo ko Ɗankasawa na Maraɗi da Espoir ta Damagaram daga can, a taru a gari ɗaya kafin fara kaka, irin tsarin da 'yarmu ta Dutsin-ma ta bayyana, bana a filin Muhammadu Dikko, baɗi a Maraɗi. Dole sai da amincewar hukumomin ƙwallon Najeriya da Nijar, NFF da FENIFOOT, wannan aikin shugabannin ƙungiyoyi ne su nema. Masu sharhin wasanni a gidajen rediyon Katsina da Daura da Maraɗi da ke cikinmu, ina roƙonku ku fara cewa kofin maƙwabta a shirinku na wannan mako, ku dawo ku gaya mana yadda masu kiran waya suka karɓe ta.