Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: to Innarmu fa?

Autan Inna: Assalamu alaikum. Jiya a zaman makoki wani dattijo ya ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", wai matar mamacin ta yi aure da ta fita takaba, don mace ba ta iya riƙon 'ya'ya ita kaɗai. Maganar ta tsaya min a rai. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu shida, ni ina goye. Inna ta cika wata huɗu da kwana goma, ta fito ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Kafin assalatu ta surfa wake ta kai markaɗe, da rana wankau, da dare ta ƙulla gyaɗa. Ba ta sake aure ba. Yanzu ma 'ya'yan Yayarmu uku suna hannunta. Ashe maganar nan ba ta karye a kanta ba?

Malam Na Ƙauye: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka wa Inna da Aljanna. Amma ɗana, ka taɓa ganin yadda ake ɗora jinka? A ƙasa ake haɗa tsaiko, a baibaye shi da ciyawa, sannan a kira maƙwabta su kewaye shi, kowa ya kama gefensa, a ɗaga lokaci guda a aza kan ɗaki. In gefe ɗaya ya sake, sai ta karkace. Ka ga kenan kira ne ga jama'a su zo su kama. Da dattijon ya fahimce ta, da 'yan'uwan mamacin zai duba ya faɗa wa, ba matar da ke cikin takaba ba.

Uwar Biyu: Malam, ka faɗi abin da ke raina. Ni bazawara ce, kuma da wannan maganar aka yi ta bugun kaina. Kowa "ki yi aure", babu mai cewa ga kwanon masara. Ba na ƙin aure, na ma yi murna da auren zawarawan da Hisba ta fara ɗaurawa a Kano a 2012. Sai dai yawancin masu zuwa, ke suke so, ban da yaranki.

Ɗalibin Fiƙihu: Akwai dalilin da ke hana iyaye mata da yawa sake aure, kuma ba taurin kai ba ne. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan bar hannunta ya koma ga kaka ta wajen uwa. Ga kuma gado: mata mai 'ya'ya tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas, in akwai kishiyoyi su raba shi. Inda mamaci bai bar komai ba, tumunin me za a ba ta?

Hajiyar Adashe: Ku yi haƙuri, ni ban yarda Inna ta ɗauka da hannu ɗaya ba. Auta, ka tambaye ta. Wa ya ba ta bashin wake na farko? Ba ta zubin adashe? Kuma wa yake ɗaukar farantin ƙosan ya zaga unguwa? Hannuwan suna nan, na mata ne, shi ya sa ba a ƙirga su.

Autan Inna: Hajiya, kin taɓo inda ke min ciwo. Yayarmu ce mai tallan. Tana aji huɗu na firamare aka cire ta, mu maza muka yi karatu da kuɗin farantinta. Da wuri aka yi mata aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo da yara uku, yanzu tana aikatau a birni. Ban taɓa lissafa ta a matsayin hannu na biyu ba sai yau.

Uwar Biyu: Allah sarki. To ka ga jinkar ta hau, amma wuyan ƙaramar yarinya aka aza wa gefe guda.

Ɗan Baiwa: Ni dai da "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" zan kwatanta su. Uwa jaruma, 'ya jaruma.

Malam Na Ƙauye: Yabo ne mai kyau, amma ka yi hattara da shi a nan. In muka ce gado ne, kamar mun yarda jikar ma ta ɗauki faranti. Wadda ta fi dacewa da kakar a yau ita ce "kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa". Wadda ta ga abin da talla ya yi wa 'yarta ba za ta yi barci da ido biyu a rufe ba.

Autan Inna: Haka yake, Malam. Babbar jikar, wadda take kira kishiyarta, ta taɓa ɗaukar faranti don ta taya ta. Ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci kamar ranar ba. Ta karɓe, ta ce a gidan nan an gama talla. Duk safiya ita ke raka su makaranta tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, bayan hannunta duk tabon mai. Kuɗin da muke aika mata na magani, littattafai take saya musu da shi.

Hajiyar Adashe: To kada ku aika kuɗi kawai. Ku biya kuɗin makarantar da kanku, ku sayo maganin ku miƙa mata a hannu. Kuma ku nemo wa Yayarku jari ta dawo gaban 'ya'yanta.

Autan Inna: In sha Allahu. Daren nan zan kira sauran yayyena huɗu mu yi maganar. Yayarmu zan fara kira.