Muhawara: Shin hoton ƙwaƙwalwa zai iya nuna ciwon damuwa?

Malam Bala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a ganina, tunda na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana nuna ciwon damuwa a ƙwaƙwalwa, kamata ya yi a fara da hoton kafin komai. Wata bakwai ke nan ƙanwata ba ta runtsawa sai gab da asuba, tuwo sai ya huce a gabanta ba ta taɓa ba, amma a gida cewa ake rashin tawakkali ne. Da ina da hoto, da na ajiye musu a gabansu.

Dakta Aminu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, Malam. Sai dai hoton bai kai inda kake zato ba. Mutum zai kwanta cikin na'urar na 'yan mintoci, ba a ba shi aikin komai, a ce kar ya motsa, kar ya yi barci. Na'urar ba tunani take gani ba, hawa da saukar iskar oksijin a jinin ƙwaƙwalwa take bi. A 1995 Bharat Biswal ya nuna cewa wasu sassa suna yin wannan hawa da sauka tare ko da mutum yana kwance shiru. A 2001 kuma Marcus Raichle ya bayyana sassan da suka fi aiki idan mutum ya koma cikin tunanin kansa.

Hajiya Rabi: To ai nan maganar Malam Bala ta samu gindin zama, Dakta. A 2007 masu bincike a jami'ar Stanford sun ga cewa a masu ciwon damuwa, wani ɗan wuri da ake kira yanki na 25 ya fi ɗamfaruwa da waɗannan sassa. Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon ya san saƙa da warwarar nan da ba ta ƙarewa.

Dakta Aminu: Gaskiya ne Hajiya, amma rukuni aka gwada da rukuni. Idan aka ɗauko hoton mutum ɗaya aka miƙa wa likita, ba zai iya ce miki wannan mai lafiya ne ko maras lafiya ba. Ko ɗan gyaɗa kai cikin na'urar yana jirkita sakamako. A 2017 wani bincike ya raba ciwon zuwa kashi huɗu ta hanyar hoto, aka yi ta murna. A 2019 wasu masana a Holan suka bi sawu da nasu marasa lafiya, ba su samu rabon nan ba.

Hajiya Rabi: Ban yarda a watsar da shi ba fa. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata hanyar Stanford, inda ake amfani da wannan hoton a gano daidai wurin da za a ɗora maganaɗisu a kan maras lafiya don a motsa ƙwaƙwalwarsa a yi masa magani.

Dakta Aminu: Haka ne, kuma ina murna da shi. Amma sai an riga an tabbatar da ciwon ta hanyar zantawa da maras lafiya, kuma magunguna sun gaza. Abin da nake tsoro, Malam, a kashe kuɗi mai yawa, hoto ya fito ba a ga komai ba, mutanen gida su ce ai dama mun faɗa.

Malam Bala: Wallahi wannan bai zo min a rai ba. Litinin in sha Allahu zan kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Amma Dakta, don Allah ka kira Baba ka yi masa bayani da bakinka, ya fi jin maganarka.

Dakta Aminu: Ka gaya masa zan kira bayan isha'i.